Rawani da Tutar Jam'iyya: Matsayin Hakimi a Siyasar Funtuwa da Malumfashi

Duk sa'ad da kakar zaɓe ta ƙarato a ƙasashen Funtuwa da Malumfashi, akwai wata al'ada wadda ba ta tashi. Mai neman shugabancin jam'iyya, ko mai son jam'iyya ta tsai da shi takara, ba ya fara hawa dandali sai ya biya ta ƙofar hakimi da jerin motocinsa, ya faɗi ya yi gaisuwa, a yi masa addu'a. Gaisuwa ba laifi ba ce, ladabi ne wanda aka san Bakatsine da shi. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ke biyowa baya, watau lokacin da 'yan kanzagin ɗan takara za su bazu cikin ƙauyuka suna raɗa wa manoma cewa fada tana bayan gwaninsu. Wannan aron rawani da 'yan siyasa ke yi ba ya ƙara wa jam'iyya ƙarfin da ake zato, amma yana rage wa hakimi abin da ya fi kome daraja a hannunsa, wato amincewar talakawansa baki ɗaya.

Ya kamata a fara da tuna ko wane ne hakimi. Galadiman Katsina da ke zaune a Malumfashi, da Sarkin Maska da ke zaune a Funtuwa, ba ƙuri'a ce ta kai su inda suke ba. Wakilan Sarkin Katsina ne, idonsa da kunnensa a ƙasar da ba ya zaune cikinta, su kuma dagatai da masu unguwanni wakilansu ne. Irin wannan muƙami na wakilin mai sarauta wanda ba a zaɓa ba, ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san shi ba. Haka gwamnonin jihohin Nijeriya suke kafin 1963: wakilan Sarauniyar Ingila ne, ga girma, ga gidan gwamnati, amma mulki yana hannun firimiya da jam'iyyarsa. Abin da ya sami ɗaya daga cikin gwamnonin nan ya isa a tsaya a kansa, ko da yake nesa da Katsina ya faru.

A shekarar 1962 rikicin shugabanci ya raba jam'iyyar Action Group ta Jihar Yamma gida biyu, ɓangaren Cif Awolowo shugaban jam'iyya da ɓangaren Cif Akintola firimiya. Gwamnan jihar a lokacin shi ne Sir Adesoji Aderemi, wanda kuma shi ne Sarkin Ife, watau rawani biyu ke kansa. Cikin watan Mayu 'yan majalisa 66 suka sa hannu a takarda suka kai masa cewa sun janye goyon bayansu daga Akintola. Gwamna bai jira majalisa ta zauna ta jefa ƙuri'a ba, sai ya sauke firimiya ya naɗa Alhaji Adegbenro. Da majalisa ta taru sai zama ya watse da jifa da kujeru, Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta ɗora Dakta Majekodunmi a kan jihar. A watan Janairu na 1963 Akintola ya koma kujerarsa, shi kuwa Aderemi gwamnancinsa ya tafi ke nan. Abin mamaki, da shari'a ta kai Ingila, kotun ƙoli ta can ta ce gwamna yana da hurumin abin da ya yi. Amma hukuncin bai amfane shi da kome ba, domin majalisar jihar ta yi wa tsarin mulkinta gyara wanda ya koma baya ya shafe shi. Mai karatu ya lura: doka tana tare da shi, masu rinjaye sun sa masa hannu, duk da haka da ya sa ƙafa cikin rigimar shugabancin jam'iyya, kujerarsa ce ta fara karyewa.

A Arewa Sir Kashim Ibrahim, Wazirin Barno, ya riƙe gwamna daga 1962 zuwa 1966 ba tare da irin wannan karo ba. Dalili kuwa a fili yake: shi da Sardauna 'yan gida ɗaya ne na NPC. Wannan ma ba abin koyi ba ne, domin zaman lafiyar ya samu ne saboda wakilin Sarauniya da jam'iyya mai mulki sun zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. A zamanin ne, cikin 1963, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus bayan binciken kuɗin En'e, aka gane cewa ko sarki mai sanda mai daraja ta ɗaya yana ƙarƙashin ikon gwamnatin jam'iyya, balle hakimi.

To, a dawo gida. Tsofaffin Funtuwa ba sa bukatar a ba su labarin zamanin da hakimi ke da haraji da jangali a hannunsa, 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari kuma duk na En'e ne. A garin da ke da jirgin ƙasa da injin gurzar auduga da baƙi daga ko'ina, ba abin mamaki ba ne ra'ayin NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ya sami masu saurare. Marigayi Wada Nas, ɗan Funtuwa, a cikinta ya fara siyasarsa. Amma ɗan adawa a wancan lokaci ya san izinin yin taro daga hannun En'e yake fitowa, masu sarauta da dama kuwa 'yan NPC ne a sarari, wasu ma suna zaune a majalisa da kujerun minista. Ana iya cewa a lokacin rawani yana cin zaɓe. Gaskiya ne, sai dai ba kwarjinin rawanin ne ke ci ba, sandar ɗan doka ce da littafin haraji. Waɗannan kuwa sun tafi. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ikon zartaswa daga fada, sa'an nan Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna bayan ya hau a 1979.

Shi kansa hawan Balarabe Musa darasi ne. PRP magajiyar NEPU ce, ba wanda zai ce masarautu suna ɗokinta, ga shi ta ci gwamna a jihar da Katsina ke ciki, ko da yake NPN ce ta rinjaya a majalisa har ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Haka kuma a 2015, PDP tana riƙe da Jihar Katsina tun 1999, albashin kowane hakimi ta hannun gwamnatinta yake bi, amma Aminu Bello Masari, mutumin ƙasar Ƙafur wanda ya sha kaye a 2011, ya ci zaɓe ƙarƙashin APC. Wanda ke lissafin makomarsa a jam'iyya da yawan fadojin da suka karɓe shi hannu biyu, ya yi wa kansa adalci ya duba waɗannan shekaru. Shiyyar Funtuwa ƙananan hukumomi 11 ce, daga Sabuwa da Ɗandume har Musawa da Matazu, kuma abin da manomin masara da dawa da waken suya yake aunawa shi ne kuɗin buhun taki, da hanyar fitar da amfani zuwa kasuwa, da ko zai iya zuwa gonarsa ya dawo da ransa.

Akwai masu cewa raba hakimi da siyasa yaudarar kai ce, tun da sarauta ita ce siyasar farko da Bahaushe ya sani, har ma sukan kawo misalin Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya yi ministan shari'a a gwamnatin Sardauna. Misalin yana da kyau, amma ba inda suke nufi ya dosa ba. Mamman Nasir ya bar siyasar jam'iyya tun 1966, ya hau kujerar alƙalanci har ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, sa'an nan ne aka naɗa shi Galadiman Katsina, ya zauna a Malumfashi har rasuwarsa a 2019. Rawanin ya zo ne bayan an daɗe da naɗe tutar. Masu wannan magana suna da gaskiya a waje ɗaya: hakimi yana da aikin siyasa, kuma ba ƙarami ba ne. Shi ke sasanta rikicin iyakar gona da na burtali tsakanin manomi da makiyayi, shi ke shaidar asalin mutum, shi ya kamata ya faɗa wa gwamnati abin da kansila ke tsoron faɗa. Duk wannan siyasa ce, amma ta jama'a ce, ba ta jam'iyya ba.

Bambancin nan ya daina zama zancen aji tun da 'yan bindiga suka addabi yammacin shiyyar. Bayan sace ɗaruruwan ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ba wanda ke musun cewa tsaro ya dogara ne ga labarin da ke tasowa daga ƙasa, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi. Manomin da ya ga baƙin babura a bakin daji zai kai rahoto ne ga wanda ya amince zai rufa masa asiri. In ya riga ya ɗauka cewa hakiminsa na jam'iyyar da ba tasa ba ce, to zai yi gum, kuma ba za a iya ganin laifinsa ba.

Sai dai zalunci ne a ɗora wa hakimai laifin duka. Tsarin mulkin 1999 bai ba sarauta wani gurbi ba, dokar jiha ce ke riƙe da ita, naɗi da dakatarwa da tuɓewa kuma ba sa tabbata sai da yardar gwamna, wanda shi ne jagoran jam'iyyarsa a jiha. Ƙaƙa za a ce wa mutum ya tsaya tsakiya alhali abincinsa da rawaninsa suna hannun ɓangare ɗaya? Gyaran na Majalisar Dokokin Jihar Katsina ne. Ta rubuta a fili cewa hakimi ko dagaci ba zai hau dandalin kamfe ba, ba kuma za a raba kayan jam'iyya ta ƙofarsa ba. Ta kuma rubuta cewa ba za a tuɓe shi ba sai da tuhuma a rubuce, da kwamitin bincike wanda ba gwamna kaɗai ya zaɓi mutanensa ba, da damar kare kai. Sharaɗin farko ba zai yi aiki ba in babu na biyu. 'Yan majalisar da suka fito daga Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Faskari su ne suka fi cancanta su gabatar da ƙudurin, domin yawancinsu suna hangen kujerar da ta fi tasu, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka taɓa zaman adawa, suka ga yadda ƙofar fada ke yi wa ɗan adawa nauyin buɗewa.