A Ba Ɗaliban Kwamfuta Ɗakin Gwaji

A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, suka katse a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Nan da nan harkar banki ta rikice a Najeriya, masu POS suka yi jugum da na'urorinsu a hannu. Injiniyoyin da suka san karkatar da bayanai ta wasu hanyoyi da ka'idar BGP, su ne suka rage raɗaɗin kafin a gyara wayoyin.

Irinsu muke buƙatar jami'o'inmu su yaye. Abin takaici, ɗalibi kan haddace matakai bakwai na tsarin OSI, ya rattabo su tsaf a jarrabawa, alhali bai taɓa haɗa rauta biyu su yi magana da juna ba, bai taɓa buɗe manhajar Wireshark ya ga kwamfuta tana neman amsar wata ta TCP ba. Ga shi babban rumbun adireshin IPv4, mai kusan biliyan 4.3, ya ƙare tun 2011, kuma magajinsa IPv6 ba ya shiga kai da alli da allo kaɗai.

Muna kira ga TETFund da shugabannin jami'o'i su tanadi ɗakunan gwaji masu na'urori da tsayayyar wuta.