Ƙarin Jini na Ceton Rai, Amma a Auna Ƙarfen da Yake Bari

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu ciwon sikila, domin a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a ƙasar duk shekara. Yara da dama daga Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu sun tsira saboda ƙarin jini. Sai dai wannan taimako yana da wani lahani da ba a cika lura da shi ba.

Kowace ledar jini tana ɗauke da sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 200, alhali jiki ba ya fitar da fiye da miligiram 1 zuwa 2 a rana. Ragowar takan taru a hanta, wani lokaci har a zuciya, ta yi ta ɓarna shekara da shekaru ba tare da alama ba.

Gwajin jini na feritin, wanda aka saba yi, yana iya yaudarar likita, domin zazzaɓin cizon sauro ko kumburi kan ɗaga shi. Tsakuro tsokar hanta da allura kuwa akwai haɗarin zubar jini. A nan ne na'urar MRI ta yi zarra. Tana amfani da maganaɗisu mai ƙarfi wajen karɓar saƙo daga ruwan jiki, shi kuma ƙarfe yana sa saƙon ya dushe da wuri. Wato gwargwadon yawan ƙarfen, gwargwadon duhun hanta a hoto. A 2001 likitocin asibitin Royal Brompton da ke Landan suka nuna yadda za a auna ƙarfen zuciya ta wannan hanya, ba allura, ba yanka.

Masu cewa aikin ya yi tsada suna da hujja, amma jinyar lalatacciyar hanta ta fi tsada, kuma maganin da ke fitar da ƙarfe, irin su deferasirox, ba a sanin adadin da ya dace sai da awo. Saboda haka ya kamata Asibitin Rasheed Shekoni da Jami'ar Tarayya ta Dutse su horar da ma'aikata a kan wannan awo. Iyaye kuma su riƙa rubuta kowace leda da aka ƙara wa ɗansu, don likita ya san lokacin da awon ya zama tilas.