Ba Kowane Fitsarin Jini Ne Tsargiya Ba

A ƙasarmu ta Kirikasamma, daga Marma har Baturiya, yaro ya yi fitsari da jini ba ya ɗaga hankalin kowa. "Ai tsargiya ce, wa ya tashi a bakin ruwa bai yi ta ba?" Wasu ma alamar balaga suke ɗaukarta. Ni damuwata magidanci ne ɗan shekara hamsin da zai ga jinin, ya sayi ƙwaya a kemis, ya naɗe wando ya koma dashen shinkafa. Wani lokaci ba tsargiya ba ce kuma, ciwon dajin mafitsara ne da tsargiyar yarinta ta haifa.

Tsutsar tana fitowa ne daga dodon koɗi, ta huda fatar masunci ko mai wanki, ta tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Wasu ƙwan su bi fitsari, wasu su maƙale a bangon mafitsarar. Garkuwar jiki sai ta yi musu taron dangi, amma ba ta iya fitar da su, sinadaran da take fesa musu kuma su yi ta ƙona naman wurin shekara da shekaru. Naman yana lalacewa yana sake tohowa, kowace tohowa kuma sai an kwafi rubutun halittar da ke cikin ƙwaya. Mai yawan kwafi ba ya rasa kuskure. Idan kuskuren ya faɗa kan ƙwayar gado irin TP53, wadda aikinta tsayar da ƙwayar da ta lalace, daji ya samu ƙofa. Tun 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji.

Mu kuma ruwanmu ya canza tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ciyawar kachala ta toshe magudanai, ruwa ya kwanta, dodon koɗi ya samu yadda yake so.

Za a ce ai an samu ci gaba wajen maganin daji. Haka ne. James Allison da Tasuku Honjo sun ci kyautar Nobel a 2018 saboda gano yadda ake sakar wa garkuwar jiki mara ta yaƙi daji, kuma allurar pembrolizumab tana taimakon masu dajin mafitsara. Sai dai kuɗinta miliyoyin naira ne, kuma galibin gwajinta kan nau'in dajin da ya fi yawa a Turai da Amurka aka yi, ba wanda tsargiya ke kawowa ba. Masar kuwa da ta dage da yaƙar tsargiya, wannan nau'in ya ragu ƙwarai a asibitocinta.

Maganin tsargiya, praziquantel, kyauta ake rabawa, amma rabon ya fi tsayawa a makarantun boko. Almajiri fa? Masunci da makiyayi da matar da ke wanki a rafi fa? Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta kai shi tsangayoyi da mashigai da ruga. Kai kuma ɗan'uwa, in ka haura arba'in ka ga jini a fitsarinka, ko babu zafi, ka je Haɗeja a yi maka hoton mafitsara.