Dokar Yaƙi da Baƙin Ƙwari: Aikin da ke Jiran Majalisun Jihohi

Duk mai harkar kayan gwari a ƙasar nan ba zai manta da shekarar 2016 ba. A waccan shekara ce ƙwaron Tuta absoluta, wanda manoman Kano suka laƙaba wa suna "sharon", ya auka wa gonakin tumatir a jihohin Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna da Filato. Farashin kwando ya ninka ninkin ba ninki, gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu, sannan masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta tsayar da aiki jim kaɗan bayan buɗe ta, saboda rashin abin da za ta niƙa.

Shi wannan ƙwaro baƙo ne. Asalinsa Kudancin Amurka, ya ɓulla a Sifaniya a 2006, ya iso Nijeriya a 2015. Haka ita ma tsutsar nan mai cinye masara, wadda aka fara gani a kudu maso yammacin ƙasar nan a farkon 2016, daga nahiyar Amurka ta zo, kuma cikin shekaru biyu ta game kusan dukkan ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Abin tambaya shi ne: lokacin da manomi na farko ya ga ganyen tumatirinsa ya fara ƙonewa, wa doka ta ce ya sanar wa, kuma wa ke da ikon ɗaukar mataki a ranar?

Lissafin al'amarin a fili yake. Macen sharon guda kan saka ƙwai har 260, kuma a wuri mai zafi ƙwaron kan hayayyafa sau goma ko fiye a shekara. Ke nan kuɗin da zai kashe wutar a gona biyar ba zai tsinana kome ba idan ta kama ƙaramar hukuma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Jihar Fulorida ta Amurka ta ba da misali. A 1966 wani yaro ya shigo birnin Mayami da manyan dodon-koɗi uku 'yan asalin Afirka, aka sake su a lambu. Sai da aka yi kusan shekara goma, aka tsince fiye da 18,000, aka kashe kimanin dala miliyan ɗaya, kafin a bayyana kawar da su a 1975. Sun sake ɓulla a 2011, aka sake gamawa da su a 2021. Abin da ya ba jihar nasara shi ne doka ta ba ma'aikatarta ta aikin gona ikon killace unguwa, da shiga gidaje domin bincike, da hana fitar da tsirrai da ƙasa daga inda abin ya ɓulla.

Wasu za su ce wannan aikin gwamnatin tarayya ne. Lalle tsarin mulkin 1999 ya sanya killacewa cikin ikon tarayya, kuma hukumar NAQS ce ke tsaron filayen jiragen sama da tashoshin ruwa da kan iyaka. Amma tsarin mulkin ya kuma ba majalisun jihohi ikon yin doka kan bunƙasa aikin gona. Da zarar ƙwaro ya tsallake iyaka ya shiga gona, malamin gona na jiha ne ya fi kowa kusa da shi.

A ganina, dokar jiha ta ƙunshi abubuwa huɗu. Ta wajabta kai rahoton duk wani baƙon ƙwaro ko ciyawa ga ofishin gona mafi kusa. Ta tanadi kafa tarkon ƙwari a manyan wuraren noman rani, a riƙa duba shi kowane mako. Ta ba kwamishina ikon killace yanki na ƙayyadadden lokaci da lalata amfanin da ya kamu. Sannan ta kafa asusun biyan diyya. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙi, domin manomin da ya san za a ƙone masa gona ba tare da ko sisi ba, ɓoye abin zai yi, ya yi sauri ya kai kayan kasuwa.

Akwai kuma tsoron da 'yan kasuwa ke da shi, wanda bai kamata a yi watsi da shi ba. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ya riga ya gaji da shingayen karɓar kuɗi. Idan sabuwar doka ta ƙara masa wani shinge, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Saboda haka a yi bincike a gona da wurin lodi, a ba da takardar shaida guda kyauta, wadda jihohin da ke kan hanya za su amince da ita.

Sharon ya sake yin ɓarna a Kano a 2023, kuma ba shi ne baƙo na ƙarshe ba. Ya dace ƙungiyoyin manoma da dillalan kayan gwari da masu masana'antu su kai wannan buƙata gaban majalisun jihohinsu, tun da dukiyarsu ce ke kan gaba wajen salwanta.