Zaƙin da Ba a Auna Ba

A watan Afrilu, idan zafin Birnin Kebbi ya haura digiri 40, babu abin da ke ƙarewa da wuri a ƙofar makarantar firamare kamar zoɓon leda. Da an tashi tara sai yara su yanyame mai kula. Yaro ya miƙa kuɗinsa, ya ciji kusurwar leda, ya tsotse ta tas, leɓensa ya yi ja. Babba da ya kurɓi irin wannan zoɓon ya san wani abu da yaron bai sani ba. Bayan zaƙin akwai wani ɗaci-ɗaci da ke maƙalewa a can ƙarshen harshe, kamar an lashi ƙarfe. Sau da yawa wannan alamar wani sinadarin zaƙi ce da ake kira sakarin.

A daidai lokacin, mahaifin yaron yana ofis da gorar Coca-Cola Zero a gabansa, hankalinsa a tashe saboda wani saƙon WhatsApp da ya ce lemon da ba sukari yana jawo ciwon daji. Damuwarsa tana da tushe. Sai dai abin da ya fi cancantar damuwar yana hannun ɗansa.

A fara da gorar uban. A ranar 14 ga Yuli, 2023, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta sanya sinadarin asfatam, wanda ake rubutawa aspartame a jikin kwalba, cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa su haddasa ciwon daji. Wannan rukuni ne na abubuwan da hujja a kansu ba ta yi ƙarfi ba tukuna. A rana guda kuma kwamitin ƙwararrun da ke auna abin da ake zubawa a abinci ya bar ƙa'idarsa yadda take: miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai nauyin kilo 70 sai ya shanye gwangwani 9 zuwa 14 na lemon da ba sukari kullum kafin ya ƙetare iyakar. Rabin farko na labarin ne ya zagaye wayoyin mutane, rabin na biyu ya tsaya a hanya.

Maganar da ta fi wannan nauyi ta riga ta fito da wata biyu, amma ba ta yi tashe ba. A watan Mayu na shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da zaƙin da ba na sukari ba don rage ƙiba. Ta ce idan tafiya ta yi nisa ba ya rage kitsen jiki, kuma an ga alaƙa tsakanin daɗewa ana shansa da ciwon sukari da ciwon zuciya. Wani bincike da aka bi mutum sama da 100,000 a Faransa, aka wallafa a 2022, ya ga irin wannan alaƙar. Alaƙa dai ba hukunci ba ce, domin da yawa daga masu komawa irin wannan lemon sun koma ne saboda ƙiba ta riga ta kama su. Shawarar ma ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Ga dattijon da likita ya hana shan sukari a Asibitin Sir Yahaya, gora ɗaya ta lemon da ba sukari a wajen ɗaurin aure ta fi masa lemon da aka saba, wanda rabin litarsa ke ɗauke da kusan giram 50 na sukari, wato cokali 12 na shayi. Amma ba magani ba ce, kuma ba ta maye gurbin ruwa.

Duk abin da za a ce game da gorar kamfani, an rubuta abin da ke cikinta, akwai lambar hukumar NAFDAC, akwai wanda za a kama idan an yi ƙarya. Ledar yaron ba ta da ko ɗaya.

Sakarin tsohon sinadari ne, tun 1879 aka gano shi a Amurka. Ya fi sukari zaƙi kusan sau 300, shi ya sa duk lokacin da buhun sukari ya tashi, kasuwarsa ke buɗewa wajen masu zoɓo, da kunu, da ƙanƙarar yara mai launi. An taɓa zarginsa da ciwon dajin mafitsara saboda gwajin ɓeraye a shekarun 1970, daga baya aka gane abin da ya sami ɓera ba ya samun mutum, Amurka ta cire shi daga jerin abubuwan da ake zargi da haddasa ciwon daji a shekarar 2000. To amma yana da ma'auni. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun tsayar da miligiram 5 a kan kowane kilo a rana. Yaro mai kilo 20 rabonsa miligiram 100 ke nan, ɗaya bisa goma na giram, abin da bai cika bakin farce ba. Kuma lissafi mai sauƙi ya nuna cewa idan aka zaƙaƙa rabin lita na zoɓo da sakarin zalla har ya kamo zaƙin lemon kwalba, za a ci kusan miligiram 170. Yaron da ya sha haka ya wuce rabonsa kafin azahar. Ba zai faɗi nan take ba, don an bar tazara mai yawa cikin wannan ƙa'ida. Amma gobe ma zai sha, jibi ma haka, zangon karatu guda. Wadda ta haɗa zoɓon kuwa ba ta da sikeli. Da yatsu take ɗiba, da harshe take aunawa.

Wanda yake ganin hodar da ba ta da suna ƙaramin abu ce, ya tuna Kano. A watan Maris na 2021, ana shirin shiga azumi, aka riƙa kwasar mutane zuwa asibiti suna amai, wasu suna fitsarin jini, bayan sun sha lemon gari da aka haɗa. Ɗaruruwa suka kwanta, gwamnatin jihar ta sanar da mutuwar mutum 10. Binciken NAFDAC ya gano cewa wata hoda da ake sayarwa da sunan ɗan tsami, guba ce ta masana'antu. Ba sakarin ne ya kashe su ba. Amma hanyar da gubar ta bi ita ce dai hanyar da sakarin ke bi: daga buhu zuwa ƙulli, daga ƙulli zuwa bokiti, babu takarda, babu mai tambaya. Kayan da ake saukewa a babbar kasuwar Birnin Kebbi da ta Argungu, da yawansu daga irin waɗancan kasuwannin suke fitowa.

A nan ne maganar ta zama ta amana. Yawancin masu wannan sana'a mata ne da ke cikin gida, wasu zawarawa, wasu masu riƙon marayu, ribar kula guda ce cefanensu. Ba mugunta ke sa su ba, tsadar sukari ce, da kuma mai saye da ke cewa na wance ya fi zaƙi. Duk da haka, sayar wa mutum abu da sunan sukari alhali ba shi ba ne, algus ne, kuma kowane almajiri ya san hukuncin algus. Wadda ba za ta ba ɗanta daga bokitin da ta haɗa ba, ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Gyaran bai fi ƙarfinta ba: ta rage zaƙin, ko ta rage girman ledar, ko ta faɗa wa mai saye gaskiya ya zaɓa.

Sai masu cewa a koma na gargajiya. Gaskiya ne, ƙasar Kabi ba ta rasa abin sha ba. Fadamar Rima da ke ciyar da injinan casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi tana ba da rake, tudu yana ba da gero da yakuwa, ga tsamiya, ga goruba, ga nonon da Fulani ke shigowa da shi kowace safiya. Kakanni suna dama kunun zaƙi da tsiron hatsi da dankali, zaƙin ya fito daga jikin ƙullun ba tare da an zuba komai ba. Zoɓo kansa, idan ba a cika masa sukari ba, an gwada an ga yana ɗan sassauta hawan jini. Amma akwai kuskuren da ya kamata masu wa'azin lafiya su daina yaɗawa, cewa zuma da mazarƙwaila ba sa cutar da mai ciwon sukari. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, sukari ce da ba a tace ba. Zuma kuwa, duk da darajarta a addini da al'ada, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga ta cikin sukarin da aka ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, in da hali ma 25. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma sam. Dabino uku na buɗa baki daban, kofi cike da dabino da aka markaɗa cikin kunun aya daban.

Ƙididdigar ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta 2021 ta ce manya miliyan 3.6 ke ɗauke da cutar a Najeriya, kuma fiye da rabin masu ita a Afirka ba su san suna da ita ba. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo, kwalbar kamfani kaɗai ya taɓa. Harshen yaro kuwa a gida da ƙofar makaranta yake samun tarbiyya, kuma wanda ya tashi da zaƙin da ya ninka sukari sau ɗaruruwa, wuya ne fura ta yi masa daɗi idan ya girma.

Jami'an NAFDAC da na duba-gari su shiga layin masu sayar da hodar lemo a Birnin Kebbi da Argungu kafin azumi mai zuwa, su raba abin da ke da rajista da wanda ba shi da ita. Shugabannin makarantu su san masu ajiye kula a ƙofarsu, su tara su a koya musu ma'auni maimakon a kore su. Malamai su sa batun cikin huɗuba kamar yadda suke sa tauye mudu. Iyaye kuma, kafin a ba yaro kuɗin tara gobe, a sayi leda ɗaya daga inda yake saye, a kurɓa da kai, a ji abin da ya rage a bayan harshe.