Bayan kaka, mu haɗa mota mu tafi Maraɗi da Damagaram

1/ Jiya a majalisarmu a Mahuta, wani ya ce in ya samu kuɗi Turkiyya zai je ya ga kabarin Ertugrul. Na ce masa: ka san Ɗan Kasawa? Ya ce a wane fim ya fito? Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ku biyo ni 🧵

2/ Ra'ayina: kafin mu yi mafarkin tarihin wasu, mu fara da namu. Kuma rabin tarihin Katsina yana tsallaken iyaka ne, a Nijar. Ba jirgi, ba dala. Mota ɗaya, mutum biyar, kowa ya sayar da masara buhu biyu ko uku.

3/ Hanya: Malumfashi zuwa Katsina. A tsaya a hau hasumiyar Gobarau. Daga nan Jibiya, a tsallaka ta Ɗan Isa, sai Maraɗi. Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba fa. Abuja ta fi mana nisa.

4/ Me ya sa Maraɗi? Da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa sarkinsu. Mu a makaranta ɓangare ɗaya muka ji. Je ka ji ɗayan daga bakin jikokinsu.

5/ Kusa da nan ga Tsibiri, inda Gobirawa suka sake zama bayan an ci su a yaƙin Gawakuke, 1836.

6/ Sai gabas, hanyar Tasawa. Nan ne wurin da ya fi ci min rai. A 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka ratsa ƙasar Hausa suna ƙona garuruwa. A Birnin Ƙonni sun yi kisan gilla. A Lugu, Sarauniya Mangu ta tare su.

7/ Ƙarshensu? Sojojinsu baƙaƙe ne suka juya musu baya suka kashe su a watan Yulin 1899. Kaburburansu suna Maijirgi. Ka duba fa: waɗanda suka yi kisan an san inda suke kwance, da sunayensu. Manoma irinmu da aka kashe, wa ya san sunansu?

8/ Sai Damagaram. Unguwar Birni, fadar sarki, ragowar ganuwar Tanimu. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a nan, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo Faransa ta ci garin bayan yaƙin Tirmini. Nan ne babban birnin Nijar har 1926.

9/ Dawowa: Matamai, Kongolam, Daura. A sha ruwan rijiyar Kusugu, a kamo hanyar gida. Kwana biyar sun isa.

10/ Na san me za ku ce: tsaro. Gaskiya ne, ba zan raina shi ba. 'Yandoto, garin malamai na da, tana nan kusa da Tsafe, amma ban sa ta a lissafi ba saboda halin da hanyar ke ciki. Dokarmu: ba tafiyar dare, kuma kullum a tambayi direbobin tasha kafin a tashi. Suka ce a dakata, a dakata.

11/ Takardu: fasfo, katin rigakafin shawara, takardun mota. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka a binciki abin da ake nema a iyaka kafin ranar. A canji sefa tun daga Jibiya.

12/ Wani zai ce ana fama da tsadar taki, wa ke ta tarihi? To amma kuɗin ankon biki da sabuwar waya ba ma jin zafinsu. Tsofaffin da suka ji labaran nan daga kakanninsu suna ƙarewa. In suka tafi, sai mu koma karanta kanmu a littafin Bature.

13/ Ni dai in Allah Ya kai mu an gama sussukar masara, zan tafi. Saura kujera uku. Wa ke ciki? Kuma 'yan Maraɗi da Damagaram, ina kuka ga na tsallake? Ku gyara min 👇