Da Nang a yini ɗaya: ku ɗauki ɗan jagora, amma kada ku sakar masa ragamar ranarku

1/ Zare 🧵
Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonnin da ake turo min ita ce: wai yawon nan na yini ɗaya da kamfanoni ke sayarwa a Da Nang, wanda bas za ta ɗauke ka a otal da safe ta dawo da kai da yamma, ya ci kuɗinsa? Amsata: ɗan jagoran ya ci kuɗinsa, jadawalin ne bai ci ba. Ku gyara zama.

2/ Ga wanda bai sani ba, Da Nang birni ne a bakin teku a tsakiyar Biyetnam, kusan rabin hanya tsakanin Hanoi da Ho Chi Minh. Kogin Han ya raba shi biyu, kasuwanni da tsohon gari a yamma, dogayen otal-otal da rairayin bakin teku a gabas.

3/ Jadawalin kusan ɗaya ne a kowane kamfani: duwatsun Ngu Hanh Son, shagon masu sassaƙa, mutum-mutumin Son Tra, abincin rana, cocin nan mai launin hoda, kasuwar Han, sai gadar dodo. Wuri bakwai cikin awa takwas. A takarda garaɓasa ce. A ƙasa kuwa gudun famfalaki ne.

4/ Yi lissafi da kanka. Cire lokacin bin otal-otal ana kwasar mutane. Cire cin abinci. Cire zirga-zirga. Cire jiran mutum ɗayan nan da kullum sai an neme shi (kowace bas tana da nata). Abin da ya rage shi za a raba gida shida.

5/ Mu fara da Ngu Hanh Son, don nan ne abin ya fi ci min rai. Tsaunuka ne guda biyar na dutsen mabul, an raɗa musu sunayen abubuwa biyar: ƙarfe, itace, ruwa, wuta da ƙasa. Na ruwan, Thuy Son, shi ake hawa. Matakala 156 ce, ko ka biya ka shiga lifta idan gwiwa ta ƙi.

6/ A samansa akwai kogo mai suna Huyen Khong. Za ka sauka cikin duhu, sai kawai wuri ya buɗe kamar babban zaure, haske na zubowa ta ramukan rufin yana ratsa hayaƙin turare. Wallahi ko mai surutu sai ya yi shiru.

Ga abin da ya sa nake cewa ku ɗauki ɗan jagora: lokacin yaƙi, mayaƙan Biyet Kong sun mayar da kogon nan asibitin jinyar waɗanda suka ji rauni, alhali sansanin jiragen Amurka yana nan kusa da gindin dutsen. Suna sama suna kallon abokan gaba, su kuma na ƙasa suna ta sintiri. Idan ba wanda ya faɗa maka, kogo ka gani kawai, ka ɗauki hoto ka fita.

7/ To minti nawa aka ba mu a kan dutsen gaba ɗaya? Hamsin. Da hawa da sauka. Akwai wani kogon a ƙasa, Am Phu, wanda aka ƙawata shi da siffofin azabar lahira a fahimtar mabiya Buddha. Daga bakin ƙofa muka gaishe shi.

8/ Shagon sassaƙa kuma? Minti arba'in cur, har da shayi kyauta. 😅

9/ Kada a fahimce ni baibai. Sassaƙar Non Nuoc sana'a ce ta kaka da kakanni, ta ɗaruruwan shekaru, kuma hannunsu na da kyau. An ma hana fasa tsaunukan, yanzu daga wasu wurare ake kawo musu dutsen. Da bitar masu aikin aka kai mu, mu ga guduma da ƙura, da ban ce komai ba. Amma ɗakin baje koli aka kai mu, ana tallata mana zaki mai nauyin saniya, wai za a iya aiko maka da shi ta jirgin ruwa. Ni da ko kilo 23 na jakata nake tattali.

10/ Sunan abin la'ada. Shago na ba wanda ya kawo masu saye kasonsa, kamar dillali a kowace kasuwa. Shi ya sa tikitin yawon ke da araha. Ragin da ka gani a farashi, da lokacinka ka biya shi. Kuma lokacin nan shi ne abu mafi tsada da kake da shi, kai da ka kwana a jirgi kafin ka iso.

11/ Ban ga laifin ɗan jagoran shi kaɗai ba. Saurayi ne mai fara'a, ya san tarihin garinsu sosai, a rana yake yini yana ɗaga tuta. Ba shi ya tsara hanya ba, ofis ne. Duk sanda na ja shi gefe na yi tambaya sai ya buɗe kamar littafi. Da ya koma gaban bas ya ɗauki makirfo kuwa, sai barkwancin da ya haddace da "minti goma sha biyar, a dawo mota".

12/ Yanzu ga babban ƙorafina. Wurin da ya fi kowane daraja a garin, a ganina, ba ya cikin jadawalinmu: gidan tarihin sassaƙar mutanen Cham. Yana nan dab da bakin gadar dodo. Mun wuce ta gabansa har sau biyu.

13/ Kafin wannan yanki ya zama na Biyetnam, ƙasar daular Champa ce. 'Yan kasuwar teku ne, addinin Hindu suka fi bi, sun yi fiye da shekara dubu suna mulki a wannan gaɓa. A 1471 sarkin Biyetnam Le Thanh Tong ya ci babban birninsu Vijaya, a 1832 kuma sarki Minh Mang ya haɗiye abin da ya rage. Faransawa suka tattaro sassaƙe-sassaƙensu, aka buɗe gidan a 1919. Babu tarin sassaƙar Cham da ya kai shi a duniya.

14/ Abin da zai ba da yawanku mamaki: jikokin Cham suna nan, kuma da yawansu Musulmi ne. Akwai su a An Giang kusa da iyakar Kambodiya da masallatansu, akwai su da yawa a cikin Kambodiyan kanta. Mafi yawan Musulmin Biyetnam daga wannan ƙabila suke. Wato ka zo har ƙasar kakanninsu, an wuce da kai ta ƙofar gidan tarihinsu, an kai ka ganin zakin sayarwa. Haba!

15/ Haka batun yaƙi. Za a nuna maka rairayin My Khe, a ce ga yashi ga ruwa, yi hoto. Kyau kam akwai. Amma a gaɓar Da Nang ne jiragen Faransa da Sifaniya suka buɗe wuta a 1858, farkon mulkin mallaka ke nan. A gaɓar garin nan kuma sojojin ruwan Amurka kusan 3,500 suka sauka ranar 8 ga Maris 1965, rukunin farko na mayaƙan ƙasa da ta turo.

16/ Filin jirgin da ka sauka ma yana da labari. A nan aka riƙa ajiye gubar Agent Orange da ake fesa wa dazuzzuka. Ta jiƙa ƙasar wurin, sai a 2018 aka kammala tsabtace ta, aikin da ya ci dala miliyan 110. Shekara 43 bayan an daina harbi. Har yau akwai iyalan da ke renon 'ya'ya masu naƙasa da ake alaƙantawa da ita.

Ba cewa nake a mayar da hutu zaman makoki ba. Cewa nake, wanda ya san wannan, idan ya kalli gine-ginen bakin kogin nan da daddare, wani abu daban zai gani.

17/ Son Tra kam ban da ƙorafi. Zirin tsauni ne da ya kutsa cikin teku, a kansa haikalin Linh Ung da farin mutum-mutumin Quan Am mai tsayin mita 67, tana fuskantar ruwa. Masunta sun yi imani tana kare su daga guguwa. Daga nan za ka ga garin duka a shimfiɗe. A dajin wurin akwai wani biri mai jan ƙafa da ke dab da ƙarewa a duniya, sai mai rabo ke ganinsa.

Wurin ibadar mutane ne, a sa sutura ta mutunci a rage murya. Idan aka miƙo maka turare ka kunna, murmushi da girgiza kai sun wadatar. Ba wanda ya takura min.

18/ Na san wani zai ce: gadar zinare fa, mai hannaye biyu? To, saurara. Tana Ba Na, kan tsauni, kusan tafiyar awa ɗaya daga gari, sannan ka hau keken igiya. A 2018 aka buɗe ta, tsawonta mita 150, cikin filin shaƙatawa na kamfani. Hannayen nan da kake gani kamar sun shekara dubu ba dutse ba ne, ƙira ce aka yi mata fentin tsufa. Ƙauyen Faransawan da ke gefe ma sabon gini ne.

19/ Idan hoton kake so, je ka, kuɗinka ne. Amma ba ta ranarta daban, kuma ka sani hazo na iya rufe wurin ka dawo da farin hoto. Duk wanda ya sayar maka da Ba Na haɗe da cikin gari a yini ɗaya, kujerar bas ya sayar maka.

20/ Abinci. Nan ne "an haɗa da abincin rana" ke zama tarko ga Musulmi. Naman alade ko'ina yake. Mi Quang, taliyar da garin ke alfahari da ita, sau da yawa da shi ake yi, ko da romonsa. Burodin banh mi ana shafa masa niƙaƙƙiyar hanta, yawanci ta alade. Ka ce ba ka cin alade, a tsame yankan naman a miƙo maka kwanon, su a ganinsu an gama.

21/ Kalmar da za ta cece ka ita ce "chay", abincin masu ƙaurace wa nama na mabiya Buddha, kuma gidajensa na da yawa. Ga kifi da jatan lande sabbi daga teku, ga gidajen abincin Indiyawa. Amma tun daren jiya za ka faɗa, ba sai an jera kwanuka ba.

Sallah ma ba ta cikin jadawalin kowa. Matafiyi ne kai, akwai ƙasaru, amma kai za ka nemi minti goma da wuri mai tsabta. Ka kuma tuna a can alƙibla yamma take. Bahaushen da ya saba cewa "fuskanci gabas" sai ya yi hattara. 😂

22/ Masu cewa "ni Grab da taswirar waya sun ishe ni", na ji ku, kuma rabin gaskiya na wajenku. Zirga-zirga ba wuya. Amma harshen fa? Da baƙaƙen boko suke rubutu, sai ka zaci za ka iya. Karin sauti shida gare su. Kalmar "ma" kaɗai, gwargwadon yadda ka ɗaga ko ka sauke murya, tana iya zama fatalwa, uwa, kabari, doki ko dashen shinkafa. Mu da muke bambance gari na zama da gari na tuwo mun san wannan wahala. Waya ba za ta leƙa kicin ta tambayar maka da me aka yi romo ba. Mutum zai yi.

23/ Ga kuɗinsu. Takardar dong 20,000 da ta 500,000 duka shuɗi-shuɗi ne. A kasuwar Han, cikin zafi da cunkoso, samun ɗan gari a gefenka ba ƙaramin abu ba ne.

24/ Don haka abin da nake ba da shawara: ku haɗu ku uku ko huɗu, ku ɗauki ɗan jagora da mota na kanku. Zai fi tikitin babbar bas tsada, amma idan an raba ba ya kai yadda ake tsoro. Ku rubuta masa tun kafin ranar: ba shago, ba alade, za mu tsaya sallah. Tunda kun toshe masa la'ada, ku cika masa hannu da yamma. Adalci ke nan.

25/ Wuri uku sun isa. Ngu Hanh Son da sassafe kafin rana ta buɗe da manyan bas su iso, awa biyu ba gaggawa. Gidan tarihin Cham da tsakar rana, ka huta da zafi. Son Tra bayan la'asar. Cocin hoda, wanda Faransawa suka gina a 1923, minti biyar ta gefen titi ya ishe shi. Hoi An kuwa, kilomita 30 kudu, kada ka yarda a liƙa maka ita a wutsiyar yini, ta fi ƙarfin haka.

A guji Oktoba da Nuwamba in da hali. Lokacin ruwa da guguwa ne, ambaliya ba wasa.

26/ Gadar dodo ba ta buƙatar ɗan jagora ko tikiti. Mita 666, an buɗe ta ranar 29 ga Maris 2013, daidai cika shekara 38 da ranar da dakarun kwaminis suka karɓe garin a 1975. Bas ɗin yawo da rana take kai mutane, lokacin da dodon ƙarfe ne kawai mai launin ɗorawa. Daren Asabar da Lahadi, ƙarfe 9, ake tsayar da motoci ya furzar da wuta, sannan ya biyo da ruwa. Ka je da ƙafarka, ka duba inda iska ke kaɗawa kafin ka zaɓi wurin tsayawa, ka kuma saka wayarka a aljihu da zarar wutar ta ƙare.